Inganta Kabon na Anod a Batirin Lithiyam: Farfajiya, Siffa da Gaskiyar Awo

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun hanyoyin da ake bi wajen inganta kabon da ake yin anod da shi a batirin lithiyam, tun daga gawayin fetur na batirin da aka fara sayarwa a 1991 har zuwa haɗin silikon da kabon na yau. Hujjar da take kafawa ita ce, yawan lithiyam da giram ɗaya na kabon ke iya ɗauka, wanda shi ne adadin da aka fi ɗagawa a rahotannin bincike, ba shi ya ɗora girafayit a matsayin da yake ba, kuma ba shi zai sa wani kabon ya gaje shi ba. Hukuncin yana hannun farfajiyar ƙwayar kabon, inda take haɗuwa da ruwan batir, sai siffarta da yadda take danƙaruwa. Maƙalar ta kuma taɓo abin da hakan ke nufi ga masu haɗa kabon daga tarkacen amfanin gona a ƙasashe masu zafi.

Yadda kabon ya shigo cikin batir

Batirin lithiyam ɗakin ajiya biyu ne da shamaki a tsakani. In ana caji, lithiyam ya bar katod, ya ratsa ruwan batir, ya shiga anod. In ana amfani da wutar, ya juyo ya koma inda ya fito. Anod ɗin da aka fara tunani a kai shi ne ƙarfen lithiyam kansa, kuma da shi Stanley Whittingham ya yi aiki a kamfanin Exxon a shekarun 1970. Babu abin da ya kai shi ɗauka: 3,860 mAh (ma'aunin yawan caji) a giram ɗaya. Illarsa ita ce, duk lokacin da aka yi caji ba ya komawa ya kwanta sumul, sai ya riƙa fitar da tsinaye da ke iya huda shamaki su haɗa ɓangarorin biyu. A 1989 kamfanin Moli Energy na Kanada ya janye batiransa daga kasuwa bayan ɗaya ya kama da wuta a cikin wayar salula a Japan, kuma daga nan aka jingine ƙarfen lithiyam na tsawon lokaci.

Kafin hakan ta faru, wasu sun riga sun fara neman masaukin da lithiyam zai shiga ya zauna a tsakanin ƙwayoyin wani abu, maimakon ya taru a matsayin ƙarfe. Rachid Yazami, ɗan ƙasar Maroko da ke bincike a Girenobul ta Faransa, ya nuna a farkon shekarun 1980 cewa lithiyam na iya shiga girafayit ya fito ta hanyar lantarki. A 1985 Akira Yoshino na kamfanin Asahi Kasei ya haɗa katod ɗin lithiyam da kobalt, wanda John Goodenough ya gano a Okisfod a 1980, da anod na gawayin fetur. Sony ta fitar da irin wannan batir kasuwa a 1991. Gawayin fetur ɗin yana ɗaukar wajen 200 mAh ne kawai a giram. Ke nan masana'antar ta yarda ta bar fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ƙarfen lithiyam ke iya ɗauka, domin ta sami anod da zai jure caji ɗaruruwa ba tare da ya tashi da wuta ba. A ganina wannan cinikin ne ya kamata duk mai binciken anod ya riƙa tunawa kafin ya rubuta adadi a kan takarda.

Girafayit da iyakarsa

Girafayit shimfiɗu ne na kabon, ɗaya a kan ɗaya, da tazarar nanomita 0.335 a tsakani. Idan ya cika, kowane kabon shida na riƙe da lithiyam ɗaya, wato LiC6, abin da ke ba da 372 mAh a giram. Tazarar ta buɗe zuwa wajen nanomita 0.370, girman ƙwayar ya ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100. Girafayit na kasuwa a yau yana ba da tsakanin 340 da 365, saboda haka ta fuskar ɗauka babu sauran wani tudu da zai hau.

Lithiyam ba ya cika tazarorin a lokaci guda. Mataki mataki yake bi: ya cika tazara ɗaya ya tsallake uku, daga baya ya tsallake biyu, sannan ɗaya, kafin ya cika duka. Ana iya ganin wannan da ido. Wanda ya taɓa buɗe batir a cikin akwatin iskar agon, ya warware naɗin a hankali, ya san yadda fuskar anod ke canza launi gwargwadon cikarsa: daga baƙi-baƙi mai toka zuwa shuɗi mai duhu, zuwa ja, zuwa ruwan zinariya idan ya cika fal. A batirin da aka yi wa cajin gaggawa za a ga launukan sun rarrabu a fuska guda, wani wuri zinariya, wani wuri ja, wani lokacin har da tabo mai ruwan toka a gefe inda lithiyam ya kasa shiga ya daskare a waje. Wannan tabon shi ne haɗarin da aka guda a 1989 ya dawo ta bayan gida.

Dalilin dawowarsa yana cikin ƙarfin lantarkin da girafayit ke aiki a kai. Yana karɓar yawancin lithiyam a ƙasa da bolt 0.25 idan aka auna da ƙarfen lithiyam, matakinsa na ƙarshe kuwa yana wajen bolt 0.085. Wannan ƙanƙantar ita ce falalarsa, domin ƙarfin batir shi ne na katod a debe na anod. Ita ce kuma rauninsa, domin abin da ke tsakanin aiki lafiya da daskarewar ƙarfen lithiyam bai wuce milibolt 85 ba.

Fatar kariya da asarar cajin farko

A irin wannan ƙarfin lantarki babu ruwan batir da zai taɓa kabon ya tsira. Dole ya ruɓe. Abin da ya ceci batirin shi ne, abubuwan da ruɓewar ke haifarwa, irin su lithiyam fuloraid da lithiyam kabonet da wasu gishirai, suna kwanciya a kan kabon su zama fata siririya, daga 'yan nanomitoci zuwa 'yan gomomi, wadda lithiyam ke iya ratsawa amma ilektiron ba ya iyawa. Da zarar ta rufe, ruɓewar ta lafa. Emanuel Peled na Jami'ar Tel Abib ne ya fayyace ta a 1979, ana kuma kiranta SEI a taƙaice.

Shekaru aka yi girafayit na ba masu bincike kunya saboda ruwan da aka saba da shi, furofilin kabonet, yana bin lithiyam ya kutsa tsakanin shimfiɗu ya ɗaiɗaita su kafin fatar ta kafu. A 1990 Rosamaria Fong da Ulrich von Sacken da Jeff Dahn suka nuna cewa in aka sa etilin kabonet, fatar tana kafuwa da wuri, girafayit ya zauna lafiya. Bambancin ruwan biyu rukunin metil guda ɗaya ne tak. Etilin kabonet ma daskararre ne, sai zafi ya kai digiri 36 yake narkewa, abin da ya sa aka daɗe ba a waiwaye shi ba, ko da yake a bazarar Sakkwato ko Agadas kwalbarsa da kanta za ta narke a kan shiryayye. Abin lura a nan shi ne, babban ci gaban da ya buɗe wa girafayit ƙofa bai taɓa cikin girafayit ba ko kaɗan. Farfajiyarsa aka gyara. Kafin ƙarshen shekarun 1990 ya ture sauran nau'o'in kabon daga yawancin batiran kasuwa.

Fatar ba kyauta take zuwa ba, da lithiyam ake gina ta, kuma duk lithiyam da ke kai-komo a cikin batir daga katod ya fito, wanda shi ne ɓangare mafi tsada. Sabuwar randa idan aka cika ta da ruwa karon farko, sai ta sha nata kafin ta fara ajiye wa mai ita. Haka kabon yake a cajin farko. Girafayit mai kyau yana mayar da kashi 90 zuwa 95 cikin 100 na abin da aka zuba masa, ragowar ta tafi ke nan har abada. Yawan abin da zai sha ya dogara ne kusan kai tsaye a kan faɗin farfajiyar da ruwan batir ke iya taɓawa, shi ya sa masu yin anod ke matsa farfajiyar girafayit ta sauka zuwa murabba'in mita ɗaya zuwa uku a giram.

Bayan cajin farko shan ba ya tsayawa gaba ɗaya, raguwa yake yi. A nan lissafi ba ya sassauci. Idan a kowane zagaye na caji da amfani da wutar kashi 99.9 cikin 100 ne ke dawowa, bayan zagaye 1,000 kashi 37 ne zai rage. In ana son kashi 80 ya rage bayan zagaye 1,000, dole abin da ke dawowa ya kai wajen kashi 99.98 a kowane zagaye. Rahoton da ya ce kabon ɗinsa na mayar da “kusan kashi 99” yana faɗin cewa batirin zai rasa kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a zagaye 100. Sau da yawa marubucin bai lura ba, saboda dalilin da zan zo kansa a gaba.

Abin da masana'anta ke yi wa girafayit

Girafayit na ƙasa ana haƙo shi ne a Sin da Mozambik da Madagaska da Brazil da wasu ƙasashe, mahaƙar Balama da ke lardin Kabo Delgado na cikin mafiya girma a duniya. Yana fitowa ne falle-falle. Bayan an tace shi da ruwa da kumfa ya kai wajen kashi 95 na kabon, sai a sa shi a injin da ke bugunsa yana naɗe fallayen har su zama dunƙulallun ƙwayoyi masu faɗin maikiromita 10 zuwa 20. A wannan matakin rabi ko fiye da rabin kayan yana komawa gari da ba shi da amfani ga batir. Daga nan a wanke shi da asid mai fulorin, ko a gasa shi da zafi mai tsanani, har tsarkinsa ya kai kashi 99.95. A ƙarshe a lulluɓe kowace ƙwaya da kwalta, a gasa a wajen digiri 1,000 ko sama da haka ba tare da iskar oksijin ba, kwaltar ta zama siririn rufi na kabon.

Duk waɗannan matakai babu wanda ya ƙara wa girafayit ɗauka, rufin kwalta ma yana ɗan rage ta. Dunƙulewar tana rage farfajiya, tana sa ƙwayoyi su danƙaru da kyau, tana kuma sa bakin shimfiɗu ya fuskanci kowace kusurwa. Rufin yana toshe tsagogi, ya rufe bakin shimfiɗu inda ruɓewar ruwa ta fi ƙamari. Abubuwan da ake ɗigawa a ruwan batir, irin su binilin kabonet da ake sa kashi ɗaya ko biyu cikin 100, su ma aikinsu gina fata mai ƙarko ne.

Girafayit na haɗi kuwa daga gawayin fetur ko na kwal ake yin sa, a gasa shi a digiri 2,800 zuwa 3,000 a irin tanderun da Edward Acheson ya ƙirƙira a shekarun 1890. Ya fi na ƙasa daɗewa da jure cajin gaggawa, bai kuma kai shi kumbura ba, amma yana cin wutar lantarki ƙwarai. Sin ce ke sarrafa fiye da kashi 90 cikin 100 na girafayit ɗin anod na duniya, kuma daga Disambar 2023 ta sa dokar neman izini kafin fitar da wasu nau'o'insa. Motar lantarki ɗaya tana ɗauke da kilo 50 zuwa 100 na girafayit. Ƙasashen Afirka da ke haƙo shi galibi ɗanye suke fitarwa, ribar kuwa tana cikin dunƙulewa da tsarkakewa da rufi.

Cajin gaggawa

Matsalar da ta fi damun masu ƙera motoci yanzu ita ce lokaci. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta sa burin cika kashi 80 cikin 100 a minti 15, kuma anod ne ke riƙe wa wannan buri ƙafa. Lithiyam ta bakin shimfiɗu kawai yake shiga girafayit, ba ya iya huda su ta sama. Idan aka shafa kwaɓin girafayit a kan takardar tagulla, aka busar, aka bi ta kansa da abin matsa har ya kai giram 1.5 zuwa 1.7 a kowane santimita kubik, ƙwayoyin sukan kwanta a kan cikinsu. Lithiyam da ke son kaiwa ƙasan shafin sai ya yi ta kewaye. In aka tura shi da sauri, na saman ya cika tun na ƙasan bai fara ba, ƙarfin lantarki a saman ya faɗi ƙasa da sifili, ƙarfe ya fara kwanciya. Sanyi yana ƙara dagula lamarin.

Hanya mafi sauƙi ita ce rage girman ƙwaya, amma ƙaramar ƙwaya farfajiyarta ta fi yawa, sai a sami sauri a rasa daɗewa. Hanyoyin da suka fi burge ni su ne waɗanda ke gyara hanyar da lithiyam ke bi ba tare da ƙara farfajiya sosai ba. A 2016 masu bincike a ETH ta Zurik suka manna wa fallayen girafayit ƙananan ƙwayoyin oksaid na ƙarfe, suka yi amfani da maganaɗisu suka miƙar da su tsaye yayin da kwaɓin ke bushewa, hanyar ta miƙe. A Jami'ar Mishigan an yi amfani da hasken leza an huda ramuka a jere a cikin shafin, an kuma gwada gauraya girafayit da kabon mai tauri, wanda zan zo kansa a gaba, domin a raba wa ƙwayoyi nauyin. Ƙungiyar Chao-Yang Wang a Jami'ar Jihar Pensilbaniya ta bi ta wata ƙofa daban a 2019: ta ɗumama batir zuwa digiri 60 na tsawon minti goma na caji kawai, sannan ya huce. Babu ɗayansu da ya canza sinadarin kabon.

Kabon mai tauri, girafin, da manyan lambobi

A 1951 Rosalind Franklin, kafin aikinta a kan DNA, ta raba kabon gida biyu: wanda ke komawa girafayit in an gasa shi da zafi mai yawa, da wanda ba ya komawa ko an kai shi digiri 3,000. Na farko shi ake kira mai laushi, na biyu mai tauri. Mai tauri guntayen shimfiɗu ne a karkace, sun sarƙe da juna, da ƙananan koguna a tsakaninsu, tazarar shimfiɗunsa kuma ta fi ta girafayit faɗi. Sony ta yi amfani da shi a batiranta na zubi na biyu. Yana iya ɗaukar fiye da 372, yana karɓar caji da sauri, ba ya kumbura sosai. Amma nauyinsa wajen giram 1.5 ne a santimita kubik, na girafayit kuwa 2.26, kuma asararsa ta cajin farko ta fi yawa. A waya ko mota wuri ne ke ƙaranci, shi ya sa ya sha kaye.

A 1995 Dahn da abokan aikinsa suka bayyana wani rukuni na uku: kabon da aka gasa a wajen digiri 700, wanda har yanzu akwai haidirojin a jikinsa. Yana iya nuna ɗauka ninki biyu na girafayit. Sai dai yana karɓar lithiyam a kusa da sifili, ya mayar da shi a wajen bolt ɗaya, kuma ɗaukar tana zubewa cikin zagaye kaɗan. Tun 1995 aka san haka, amma har yau ana fitar da rahotannin wannan rukuni a ƙarƙashin sababbin sunaye. Makamashi shi ne ɗauka a ninka da ƙarfin lantarki. Katod na LFP, wato na lithiyam da ƙarfe da fosfet, yana aiki a wajen bolt 3.4, da girafayit batirin ya ba da kusan 3.3. In anod ɗin yana sakin lithiyam a bolt 1.2, abin da zai rage 2.2 ne.

Girafin, wanda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware a Manchesta a 2004, ya zo da fatan 744 mAh a giram, bisa zaton lithiyam zai manne a fuskokinsa biyu. Amma faɗin farfajiyarsa a lissafi ya kai murabba'in mita 2,630 a giram. Kabon irin wannan sau da yawa yakan shanye kusan rabin lithiyam a cajin farko, ga shi kuma garin nasa wasai yake, ba ya danƙaruwa. Inda girafin da siraran bututun kabon suka sami gindin zama shi ne a matsayin ɗan ƙari da ke sadar da lantarki tsakanin ƙwayoyi, musamman a anod mai silikon.

Silikon a cikin gidan kabon

Silikon yana ɗaukar 3,579 mAh a giram, kusan ninki goma na girafayit, amma in ya cika girmansa yana kusan ninkuwa huɗu. Ƙwayar tana tsagewa, fatar kariya tana yagewa, sabuwar farfajiya ta buɗe, a sake cin lithiyam a gina wata fatar, haka a kowane zagaye. An gano cewa ƙwayar da ba ta kai nanomita 150 ba ba ta tsagewa, sai dai hakan bai hana fatar da ke samanta yagewa ba. Ƙungiyar Yi Cui a Sitanfod ta nuna mafita a 2012: a sa ƙwayar silikon a cikin ƙoƙon kabon, a bar mata fili ta kumbura a ciki, fatar kuma ta kafu a bayan ƙoƙon da ba ya motsi.

Kamfanoni irin su Group14 sun kai wannan tunani masana'anta: a fara yin kabon mai tauri mai yawan ramuka, a hura masa iskar silen silikon ya kwanta a cikin ramukan, sannan a rufe bakinsu. A nan kabon mai yawan ramuka ya sami aikin da ya dace da shi, da sharaɗin ruwan batir ba zai shiga ciki ba. Yawancin batiran motoci masu silikon har yanzu 'yan kaso kaɗan ne suke gaurayawa da girafayit, galibi ƙasa da kashi 10, ko da yake wayoyin salula na kamfanonin Sin sun fara ƙara yawan.

Yana da kyau a auna iyakar ribar. A ɗauki katod mai 200 mAh a giram, a lissafa nauyin anod da katod kawai. Da anod mai 360, haɗin zai ba da 129 a giram. In aka kai anod ɗin 1,000, haɗin ya zama 167. In aka kai shi 3,579, ya tsaya a 189. Yawancin ribar tana ƙasa da 1,000, daga nan katod ne ke riƙe da linzami. Saboda haka anod mai 600 da zai yi zagaye 1,000, ya kuma jure shekaru a ajiye, ya fi mai 2,000 da zai mutu a zagaye 200 daraja nesa ba kusa ba.

Tarkacen gona da yadda ake awo

Jami'o'i da dama a Afirka da Asiya suna haɗa kabon daga ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa, totuwar masara, karan dawa da ɓawon kwakwa. Tunanin yana da tushe: kamfanin Kuraray na Japan yana sayar da kabon mai tauri da aka yi daga tsirrai, Stora Enso kuma ta buɗe ƙaramar masana'antar gwaji a Sunila ta Finland a 2021 domin yin sa daga liginin na itace. Abin da ke damuna shi ne hanyar da yawancin ayyukanmu ke bi. Ana gasa kayan a digiri 600 zuwa 800, a jiƙa shi da fotashiyam haidiroksaid domin a buɗe ramuka, a yi farin cikin samun farfajiyar da ta haura murabba'in mita 1,000 a giram. Wannan kabon ne mai kyau ga tace ruwa da kuma sufakafasita. Ga anod, kusan duk abin da aka ƙara masa illa ce.

Abin da ke ɓoye illar shi ne rabin batir mai siffar kwabo da ake gwaji da shi. A cikinsa ana fuskantar da kabon da faifan ƙarfen lithiyam wanda ya ninka buƙata sau da yawa, a cika ruwa ya yi yawa, a shafa kabon siriri, wajen miligiram ɗaya a murabba'in santimita, alhali na kasuwa yana wajen goma, a kuma ƙirga ɗauka har zuwa bolt 3. Duk lithiyam da fatar ta ci, faifan ya biya, layin da ke kan jadawali ya miƙe sumul har zagaye 500. In aka haɗa wannan kabon da katod na gaske, batirin ba zai daɗe ba. Shawarata ga masu bita da masu duba kundin ɗalibai ita ce, kada a karɓi rahoton anod sai ya faɗi kason da ya dawo a cajin farko, nauyin shafi da danƙaruwarsa, ɗaukar da aka samu a ƙasa da bolt ɗaya, da sakamakon aƙalla cikakken batir guda. A faɗi yawan toka kuma, domin tsirrai suna zuwa da fotashiyam da kalsiyam da silika da ƙarfe, kuma yawansu yana bin ƙasar da aka shuka da damina.

Idan za a gyara hanya, gasawa a digiri 1,100 zuwa 1,400 a cikin iskar agon ko naitirojin ita ce ke rufe ramukan, ta saukar da farfajiya zuwa 'yan murabba'in mitoci. Wannan yana buƙatar tanderu mai kyau da wutar da ba za ta ɗauke ba a tsakiyar gashi, abin da ya fi dacewa cibiyoyi su haɗa kai su mallaka tare. Kabon da aka yi haka kasuwarsa ta fi buɗewa a batirin sodiyam. Girafayit ba ya karɓar sodiyam sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, amma David Stevens da Dahn sun nuna a 2000 cewa kabon mai tauri daga gulukos yana ɗaukar wajen 300 mAh a giram, kuma shi ne anod ɗin da batiran sodiyam na kasuwa ke amfani da shi. Buntun shinkafa yana da wata dama ta daban, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa silika ce mai ƙananan ramuka, wadda ake iya mayarwa silikon da maganiziyam a wajen digiri 650.

Akwai kuma batun zafi, wanda a nan ne muke da abin faɗa da wasu ba su da shi. Yawancin gwaje-gwaje a digiri 25 ake yin su. Fatar kariya tana ci gaba da kauri ko batir yana ajiye, saurin kaurin kuma yana ƙaruwa da zafi, yana kuma ƙaruwa idan girafayit yana matakinsa na ƙarshe na cika, kamar yadda binciken Peter Keil da abokansa a Jami'ar Fasaha ta Munik ya nuna a 2016. Batirin sola a wani shago a Kano ko wani asibitin karkara a Tawa yakan cika da hantsi ko tsakar rana, ya zauna a cike a daidai sa'o'in da ɗakin ya haura digiri 40, kullum, na tsawon watanni. Rufin kwalta, nau'in girafayit, da abin da aka ɗiga a ruwan batir duk suna canza yadda anod zai jure wannan zama. Gwajin ba ya buƙatar na'ura mai tsada: ƙananan cikakkun batira masu anod iri daban-daban, a ajiye su a digiri 45 da 55, wasu a cike wasu a kashi 60, a riƙa auna abin da ya rage a cikinsu duk wata har shekara, sannan a buɗe su a duba kaurin fatar da sinadaran da ke cikinta.